Ranar da Na Karanta Kunnen Shanu a Waya

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili. Ni ba marubuci ba ne, bokona a aji biyu na sakandare ya tsaya, inda ka ga na karkace ka miƙe mini. Sunana ka bar shi, haka na duk wanda zan ambata. Wanda ya san ni zai gane ni, wanda bai san ni ba sunan ba zai ƙara masa komai ba.

A shekarun da nake magana ni dillalin shanu ne a ƙasar Bagudo, kuma ba da rana tsaka na shiga ba, gado na yi. Ubana dillali ne mai masauki. A zauren gidanmu akwai ɗakin baƙi, inda Fulani ke sauka idan sun koro shanu, na nan gida da na tsallaken iyaka ta wajen Benin. Su kwana, a kai musu tuwo, a ɗaure dabbobinsu bayan gida, gari ya waye mu kai kara a kasuwar Lolo, mu sayar, mu karɓi la'ada. A cikin wannan na tashi. Tun ban kai tsayin doron sa ba na iya buɗe bakinsa in faɗi shekarunsa. Kuma ban manta ba, duk dukan da ubana ya yi mini ina yaro a kan surutu ne. Idan baƙo ya yi magana a zaure na maimaita ta a cikin gida, ranar sai na kwana da shatar dorina.

Dalilin haka sai na bayyana, don wanda ba ɗan wajenmu ba ba zai gane ba. Mutanenmu ba su cika ajiya a banki ba. Idan mutum ya tara ɗan abinsa sai ya sami dillalin da ya yarda da shi, a saya masa karsana, a tsaga mata kunne da shaida tasa, a sa ta cikin garken Bafillace. Ta haihu, 'ya'yanta su haihu, duk a yi musu tsaga iri ɗaya. Mutum uku ne suka san da ita: mai ita, mai kiwo, sai dillali. Wani ko matarsa ba ta sani. Za ka ga garke ka ce na Bafillace ne, alhali rabinsa na mutanen gari ne da kake sallah sahu ɗaya da su. A da kunya da gudun baki suka sa ake ɓoyewa. Da zamani ya lalace, ɓoyewar ta zama ita ce tsaron ran mutum.

Cikin baƙinmu akwai wanda ya fi kowa kusa da ni. Ubansa wurin ubana yake sauka, ni da shi tsara ne, ƙwarya ɗaya muka sha fura tun muna yara, amma da girma ya zo bai taɓa kirana da wani suna ba sai Maigida. Da rani yakan sauko fadama bakin gulbi inda ciyawar burgu ke fitowa, da damina ya haura tudu can tsallake. A garkensa akwai shanun wani tsoho, aminin ubana, mai sayar da goro a ƙofar masallacin unguwarmu. Baba muke ce masa. Riga ɗaya ce a jikinsa har ta koɗe, faifansa da tsumman jiƙa goro a gabansa, kuma tun ina yaro ban taɓa wucewa ba sai ya ɓara goro ya miƙo mini. Ubana ne ya saya masa karsanar farko. Da ubana zai rasu ya gaya mini, ya ce jajayen nan masu tsaga biyu a kunnen hagu na Baba ne, daga faifan goro ya tara su, in riƙe masa kamar yadda ya riƙe.

To sai kasuwa ta fara mutuwa. Aka rufe boda, hanyoyi suka yi tsoro, karar da ake cika ta har babu masaka tsinke ta koma rabi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wasu da ba su taɓa taka kashin shanu ba sun fara sayar da shanu ta waya. Wata rana a rumfar mai caji na ga ɗaya daga cikinsu a bidiyo, ya jingina da bijimin da ba nasa ba, yana ta kurari, mutane dubbai suna kallonsa. Ya ce bijimin shekara uku, ni kuwa daga ƙahonsa na san ya ninka haka. Na yi tsaki na ce idan wannan jahilin yana ci, ni me ya hana ni. Na sayi babbar waya, aka buɗe mini shafi a manhajar nan ta bidiyo da kowa ke dannawa.

Gaskiya da farko aikin kirki na yi. Ina buɗe bakin sa in nuna haƙora. Ina nuna yadda ake gane saniyar da aka ɗura wa gishiri da ruwa don cikinta ya cika a kara, da wadda ke da ciwon hanta, da yadda farashi ke juyawa tsakanin naira da sefa. Mutane suka so bakina don ba na tauna magana. Na laƙa wa kaina suna, na sami jar hula guda da sanda, duk bidiyo da su nake fitowa, har aka san ni da su. Mabiya suka taru. Fataken kudu suka fara kirana, su turo kuɗi in saya in loda musu a tirela ba tare da sun zo ba. Masu sayar da maganin dabbobi suka fara biyana in yi musu talla. Idan na kunna laif, wato ana kallona kai tsaye, sai a yi ta jefo 'yan kyaututtukan nan da ake canzawa su zama kuɗi. Na sauya rufin gida, na sayi babur. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi. Mutumin da aka kora daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa, yau ya sauka tashar Bagudo ana nuna shi, malaman makaranta suna cewa a yi hoto. Wani abu ya shiga kaina, kuma ba kuɗin ba ne kaɗai.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne wayar nan kullum sai ka ba ta abin da za ta ci. Kara sau ɗaya take ci a mako, su kuwa masu kallo kowace safiya sabo suke so. Haƙoran sa suka gundure su. Na ga adadin masu kallo yana raguwa, mai talla ya fara jan ƙafa, ni kuma barci ya fara ƙaurace mini. Masu kallo suka yi ta rubuto mini cewa in kai su ruga, su ga garke na gaske. Matata ta ce ita abin ya fara ba ta tsoro, bakina ya zama ba shi da ƙyaure, ko maganar cefane aka yi sai ta ji ta a waya. Na ce mata rufin da ke kanta bakin nan ne ya sa shi.

Na yi wa baƙona maganar ruga, ya ƙi. Ya ce saniyar da aka kai kara ta ido ce, kowa ya kalla, amma ta cikin garke ba a nuna ta, su ko ƙidaya ba sa yi a gaban mutane. Na bar shi, na sake tayarwa, ya sake ƙi. Sai na yi abin da na san ba zai iya kauce masa ba. Wata safiya da rani na ɗauki kanwa da sukari da ganyen shayi, na hau babur na same shi a fadama ba tare da na aika ba. Bafillace ba ya korar maigidansa daga ruga, kunya ba za ta bar shi ba, kuma da sanina na je. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono. Da na fito da waya sai ya ce in dai ya zama dole, kar in nuna mata da yara, kar in daɗe. Ya tashi ya kora maruƙa wajen ruwa, ina jin don kar ya gani da idonsa ne.

Na kunna laif. Mutane suka cika kamar ba su taɓa ganin saniya ba. Ana cikin haka wani ya fara rubuto mini baƙar magana. Ya ce ni maƙaryaci ne, shanun mutane nake jingina da su kamar sauran, Fulanin ma ba su san ni ba, hayar garke na yi. Na zage shi, ya rama, aka yi ta dariya, kyaututtuka suka fara zubowa. Dama na riga na lura faɗa ya fi komai kawo kyauta. Ya sake rubutowa, ya ce idan na isa dillali in faɗi abu ɗaya game da garken nan da baƙo ba zai sani ba. Wata jar saniya tana tsaye kusa da ni. Na kama kunnenta na kara a fuskar waya, na ce:

"Kun ga wagga tsaga biyu? Duk jar da kun ka gani da ita ta mutum guda ce. Tsoho na, goro shika saidawa bakin masallacin unguwarmu. In kun gane shi, wallahi sadaka za ku ba shi."

Ban tsaya nan ba. Na shiga cikin garke ina nunawa, ga wannan, ga wannan, ga mai ciki, ga bijiminsu. Ina yi ina dariya. Na gaya wa kaina ai ban faɗi suna ba. Kamar tsofaffi nawa ne ke sayar da goro a ƙofar masallacin unguwarmu.

Kafin in iso gida an yanke wurin nan an watsa. Ban taɓa yin bidiyon da aka kalla kamarsa ba. Washegari samari suka fara tsokanar Baba, suna ce masa Alhaji yaushe za a yanka mana ɗaya. 'Ya'yansa, waɗanda ba su san da shanun ba, suka tsare shi da tambaya a gida. Na wuce ta ƙofar masallaci, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya ɓara goro ya miƙo mini kamar kullum. Na karɓa na wuce. Bayan 'yan kwanaki na goge bidiyon daga shafina, amma yana wayoyin mutanen da ban san adadinsu ba. Baƙona a kasuwa aka nuna masa. Ya zo zaure ya zauna, aka kawo abinci bai taɓa ba. Na fara kare kaina, na ce ba suna, ba gari, wasa ne, kwana biyu za a manta. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni ko da ubana yana raye zan yi haka. Na ce zamanin ubana daban. Ya ce haka ne, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Lokacin yankan shinkafa aka ɗauki Baba. Da rana tsaka, a 'yar gonarsa ta fadama, mutane a kan babura. Da suka kira babban ɗansa neman kuɗin fansa, yaron ya yi ta rantsuwa cewa ubansu talaka ne, goro yake sayarwa, su tambayi kowa. Ba su yi gardama da shi ba. Bidiyona suka turo masa. Sun fi 'ya'yan cikinsa sanin yawan shanun, domin ni na bi su ɗaya bayan ɗaya na nuna.

Babu wata hanya sai a sayar. Na ɗauka baƙona zai kai wa wani dillali, har na ji sauƙi a raina, don ban san da idon da zan shiga kara ba. Ranar kasuwa da safe sai na ji kukan shanu a ƙofar gidana. Ya ware jajayen duka, ya koro su kamar yadda aka saba tun zamanin iyayenmu. Ya yi sallama, na fito, ya sa igiyar bijimin a hannuna ya ce:

"Maigida, kai ka gwada su ga duniya. Kai za ka saida su."

Ban taɓa yin kasuwa irin ta ranar ba. Duk wanda ke kara ya san shanun wa ne, ya san dole ce ta kawo su, ya san ba za mu koma da ko ɗaya ba. Fataken da muka yi shekaru muna cin abinci tare suka dinga taya su kamar kayan gwanjo. Na yi ta cewa albarka har muryata ta dushe, ƙarshe na sallama, don rana tana yi kuma ran mutum ake jira. Masu ciki mahauta suka saye. Akwai wata tsohuwar saniya, jikar karsanar farko da ubana ya saya, ita ma na buɗe bakinta na nuna haƙoranta da hannuna. Ina cikin wannan hali samari suka zagaye ni da wayoyi suna ɗauka, wani ma ya dafa kafaɗata ya ce shi mabiyina ne daga wajen Bahindi, in sa jar hular a yi hoto. Da aka miƙo la'ada na ƙi karɓa, ba wanda abin ya burge. Kuɗin bai kai abin da suka yanka ba, na sayar da babur na cika. Ba don a yabe ni na faɗa ba. Babur ɗin ma bakin nan ne ya saye shi.

Abin bai tsaya kan Baba ba. Duk mai ajiya a garken baƙona tsoro ya kama shi, tunda an ga kunnuwan shanu a bidiyo, kowa ya aiko a ɓoye a fitar masa da nasa. Mutumin da ya rayu da nonon shanun amana ya wayi gari garkensa ya zama ɗan tsito, ba tare da ya ci amanar kowa ba. Wata rana ya zo ya shiga ɗakin baƙi, ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa da wata tsohuwar ƙwarya ta ubansa da ke rataye a bango tun kafin a haife mu. Ya yi wa matata godiyar tuwon shekaru, ya ce mini sai wata rana. Ya tsallaka bai sake saukowa fadamarmu ba. Sauran Fulani ba su yi mini faɗa ba, kawai sun daina zuwa. Ɗakin nan yanzu dusa ake ajiyewa a ciki.

Bayan makonni aka sako Baba. A goye aka shigo da shi gari, ƙafafunsa sun kumbura saboda ɗauri. Gari duka ya je dubiya ban da ni. Matata ta je ta dawo, ta ce ita ta gaji da sunkuyar da kai a madadina, idan ni namiji ne in je da ƙafata. Na je. Yana kwance a tabarma a zaurensa, 'ya'yansa suka tashi suka fita ba su amsa sallamata ba. Na durƙusa a gefensa. Shi ya fara magana. Ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa. Sannan ya ce akwai ranar da suka ɗaure masa ido, yana zaune bai san inda yake ba, sai ya ji muryata kusa da kunnensa.

"Ɗana, da na ji muryarka sai na yi hamdala. Na ce ɗan aminina ya zaka ɗaukata. Har na kira sunanka. Sai na ji suna dariya."

Bidiyon suka kunna masa. Bai faɗa don ya ƙona ni ba, labari kawai yake ba ni, kamar yadda ya ba kowa labarin ruwan da suka sha da abincin da aka ba su. Na roƙi gafara, ya ce ya yafe tun yana can, shanu na Allah ne. Da ya zage ni da na fi samun abin riƙewa.

Su kuwa mabiyana, da labari ya fita sai suka rubuto Allah ya kyauta, suka ce in zo laif in ba da cikakken labari. Wani ya ba ni shawara in yi hira da tsohon, ya ce za a kalla fiye da na farko. Mai talla ya kira ya ce zai ƙara mini kuɗi tunda sunana yana tashe. Kuma tunda na ce gaskiya zan faɗa, sai da na ƙara yin bidiyo biyu bayan haka kafin hannuna ya ƙi ɗaga wayar. Da na daina, ba a yi wata guda ba suka koma wurin wani. Fataken kudu ma haka. Dubban nan da nake taƙama da su, ko ɗaya bai tako ƙofar gidana ba. Yau a kara nake riƙe wa wasu dillalai igiya, cikinsu har da waɗanda na koya wa duba haƙori.

Ban ce waya haramun ce ba, kuma ban ce kar kowa ya nemi abinci da ita ba. Sanin haƙorin sa nawa ne, na sayar da shi na ci halal. Abin da ke kunnen saniyar nan ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni. Wannan bambancin ne na kasa gani, saboda duk wanda ya mai da kansa haja, ranar da nasa ya ƙare na mutane zai fara ɗauka, kuma ba zai ji kamar sata yake yi ba. Kai tela, kai ungozoma, kai direba, kai mai shago da ka san cikin gidajen mutane, idan ka buɗe shafi ka fara tara mabiya, wata rana wani da ba ka taɓa gani ba zai ce ka nuna ka isa. Kafin ka buɗe baki ka tuna ba masu dariya kaɗai ke kallo ba, kuma abin da ka saki ba ya gogewa don ka goge shi.

Baba ya koma ƙofar masallaci da faifansa, yana jan ƙafa. Yanzu idan an fito sallah mutane sukan ajiye masa ɗan abu a gefen tabarma, kuma yana karɓa, don yana bukata. Ni na ce sadaka za a ba shi, ga shi ana ba shi. Hanyar masallacin ɗaya ce, dole ta gabansa nake bi, kuma har yau idan ya hango ni sai ya ɓara goro ya miƙo. Ina karɓa da hannu biyu. Ban taɓa iya ci ba.